Gina ƙungiya a gasar AFL: abin da ya ɗaga Hawthorn da abin da ya kayar da ita

Wanda ya saba kallon ƙwallon Turai ya san yadda ake samun ɗan wasa: ƙungiya ta gan shi, ta yi zawarcinsa, ta zube kuɗi, ta ɗauke shi. A gasar AFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, wadda ake bugawa da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 18 kowane ɓangare, wannan hanya a toshe take. Ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga wata ƙungiya. Ba a faɗawa rukunin gajiyayyu, ƙungiyoyi 18 ne kuma su ɗin ne kowace shekara. Hukumar gasar ta ɗora dokokinta a kan manufa guda, wato kada wani ya dawwama a sama, kada wani ya dawwama a ƙasa. Shi ya sa a can mai kula da jerin 'yan wasa, wanda ke yanke shawarar wa za a ɗauko, wa za a riƙe, wa za a sallama, yake da nauyin da bai gaza na koci ba, ko da yake ba kasafai kyamara ke haska shi ba.

Tun 1986 ake yin abin da suke kira diraf. A watan Nuwamba na kowace shekara matasan da suka kai shekara 18 sukan ba da sunayensu, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi. Wadda ta ƙare a gindin teburi ita ke da lamba ta 1, wadda ta ɗauki kofi ita ce ta ƙarshe a zagayen farko. Yaron ba shi da ta cewa. In ɗan birnin Perth ne Brisbane ta kira sunansa, sai ya haɗa kayansa ya kama tafiyar fiye da sa'a huɗu a jirgin sama. Bayan wannan akwai iyakar albashi, wadda ta haura dalar Ostireliya miliyan 17 a 2025, kuma daidai take ga kowa; har ma dole ne ƙungiya ta kashe aƙalla kashi 95 cikin ɗari na kuɗin, kada ta fake da talauci. Hukumar ba ta wasa da wannan doka. A 2002 ta kama Carlton tana biyan 'yan wasa ta bayan fage, ta ci ta tarar kusan dala miliyan ɗaya, ta kuma ƙwace mata lambobi na 1 da na 2 a diraf ɗin shekarar. Sai kuma yawan 'yan wasa, wanda bai wuce kimanin 44 ba. Duk wanda ya shigo, wani ne ya fita.

To da me ake ciniki? Da lambobin diraf da kuma 'yan wasa. A watan Oktoba ake buɗe kasuwar musaya na 'yan kwanaki, ka ba da ɗan wasa ka karɓi lamba, ko ka ba da lamba ka karɓi ɗan wasa, kuma tun 2015 ana iya ba da lambar baɗi ma. Ba a musayar mutum sai da yardarsa. Daga ƙarshen 2012 aka ƙara wata ƙofa: wanda ya yi shekara takwas a ƙungiya ɗaya kuma kwantiraginsa ya ƙare, yana da 'yancin zaɓar inda zai tafi, sai dai in yana cikin manyan masu albashi tsohuwar ƙungiyarsa na iya daidaita tayin da aka yi masa, hukuma kuma takan ba wadda aka bari lamba a matsayin diyya.

Abin da ke sa aikin wuya shi ne lokaci. Yaron da aka zaɓa yana ɗan 18 ba ya zama abin dogaro sai bayan shekara huɗu ko biyar, dogayen 'yan gaba da 'yan baya ma sun fi haka jinkiri, kuma yawanci da ya haura 30 ƙafa ta fara nauyi. Koci kuwa da sakamakon bana ake auna shi. Saboda haka kullum akwai ja-in-ja a cikin gida tsakanin mai son nasara yau da mai lissafin shekara biyar. Aikin ya fi kama da na mai garke: dole a samu maruƙa, da waɗanda ke kan ganiyarsu, da tsofaffin da suka san hanya, kuma wanda ya sayar da maruƙansa duka don ya sayi manyan shanu zai ji daɗin shekara biyu ko uku, daga nan garken ya tsufa a lokaci ɗaya. A ganina babu ƙungiyar da ta nuna fuskokin wannan lamari duka kamar Hawthorn, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin birnin Melbourne.

Labarin ya fara ne a 2001 da wani mataki da ya fusata magoya bayanta. Hawthorn ta ba Fremantle matasa biyu dogaye, Trent Croad da Luke McPharlin, ta karɓi lambobi uku, ciki har da ta 1 da ta 36. Da ta 1 ta ɗauki Luke Hodge, aka yi ta surutu shekaru saboda ta tsallake Chris Judd, wanda ya tafi West Coast a lamba ta 3 kuma ya riga Hodge haskawa. Da ta 36 ta ɗauki Sam Mitchell, gajere marar gudu wanda duk ƙungiyoyi suka ƙi ɗauka a shekarar da ta gabata. Waɗannan biyun kowannensu ya zama kyaftin ɗin da ya ɗaga kofi.

A 2004 ƙungiyar ta ci wasa huɗu kacal. Aka kawo sabon koci, Alastair Clarkson, aka miƙa babban ɗan gabanta Nathan Thompson ga North Melbourne don ƙarin lambobi, aka shiga diraf da lamba ta 2, ta 5 da ta 7. Jarryd Roughead, Lance Franklin da Jordan Lewis suka fito daga nan a rana ɗaya. Richmond tana da ta 4, ta bar Franklin ta ɗauki Richard Tambling, kuma har yau magoya bayanta ba su manta ba. Amma kada a ɗauka masu farautar matasa na Hawthorn ba sa kuskure. A 2006 suna da lamba ta 6, suka ɗauki Mitch Thorp wanda ya buga wasa biyu jimla, Geelong kuma ta ɗauki Joel Selwood a ta 7, mutumin da ya ci kofi huɗu. Ana yin hukunci ne a kan yaro ɗan 18 wanda jikinsa bai gama ginuwa ba, don haka ba wanda ke dacewa kullum. Abin da ya cece su shi ne sun tara lambobin farko da yawa cikin 'yan shekaru kaɗan, har waɗanda suka dace suka rufe waɗanda suka kuskure, kuma yaran suka taso tare. Da aka ƙara Cyril Rioli a lamba ta 12 a 2007, sai ga kofi a 2008, tun kafin lokacin da ake tsammani, a kan Geelong wadda wasa ɗaya kawai ta rasa kafin wannan rana. Franklin ya ci ƙwallo 113 a kakar.

Daga nan ne dabara ta sauya, kuma nan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a duba. Bayan 2009, shekarar da ko wasannin fitar da gwani, waɗanda ƙungiyoyin saman teburi ke bugawa a ƙarshen kaka don neman kofi, ba ta kai ba, Hawthorn ta fahimci cewa ginshiƙanta suna tsakanin shekara 22 da 27, kuma yaron da za a zaɓa yanzu ba zai nuna ba sai sun fara gajiya. Sai ta mayar da lambobinta kuɗin cefane. Ba ta bi suna ba, gurbi take dubawa ta nemo wanda zai cike shi. Ta ɗauko Shaun Burgoyne daga Port Adelaide yana fama da gwiwa, mutane na cewa saura shekara biyu ko uku ya rataye takalmi. Ya buga mata wasa 250. Ta ɗauko Josh Gibson da David Hale daga North Melbourne, da Jack Gunston daga Adelaide. Da Sydney ta doke ta da maki 10 a wasan ƙarshe na 2012, kowa ya ga abin da ya rage: babu ƙaƙƙarfan ɗan baya da zai riƙe manyan 'yan gaba. Aka je Western Bulldogs aka ɗauko Brian Lake yana ɗan 30. Kaka uku ya yi, kofi uku ya ci, kuma shi ya karɓi kyautar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe a 2013.

A lokaci guda ana tsintar mutane daga can ƙasan diraf, inda lamba ba ta da tsada. Luke Breust ya shigo ne ta zaɓen 'yan jiran gurbi, wanda ake yi bayan an gama babban diraf, ya kuma haura wasa 300. Paul Puopolo lamba ta 66 ne. Irin waɗannan su ke ba ƙungiya damar numfashi a ƙarƙashin iyakar albashi, domin suna yin aikin manya a kan kuɗin ƙanana, aƙalla a shekarun farko.

Ko tafiyar Franklin ba ta karya su ba. A ƙarshen 2013 ya yi amfani da 'yancinsa ya koma Sydney a kan kwantiragin shekara tara na dala miliyan 10, Hawthorn ta samu lamba ta 19 a matsayin diyya, abin da ko kusa bai kai darajarsa ba. Amma albashinsa ya dawo hannunta, ta riƙe sauran, ta ƙara James Frawley daga ƙungiyar Melbourne bayan shekara guda. A wasan ƙarshe na 2014 ta haɗu da Sydney da Franklin a ciki, ta ba su ratar maki 63. Kofi uku a jere, 2013, 2014 da 2015.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan cinikayya bashi ne da aka ci daga gobe. Daga 2008 har 2018 Hawthorn ba ta zaɓi yaro ko ɗaya a cikin lambobi 15 na farko ba. Muddin ana ɗaga kofi, ba wanda zai ce ba a yi daidai ba, ni ma ban ce ba. Inda nake ganin an kauce shi ne Oktoban 2016. Ƙungiyar ta gane cewa ta tsufa, ta yi abin da ya girgiza kowa: ta miƙa Sam Mitchell, wanda ya zama gwarzonta na wannan kakar, ga West Coast kusan kyauta, ta miƙa Lewis ga Melbourne. Wannan jarumta ce. Amma maimakon ta koma diraf, sai ta sake kwashe lambobinta, har da ta zagayen farko na baɗi, ta ɗauko Tom Mitchell daga Sydney da Jaeger O'Meara daga Gold Coast, wanda ciwon gwiwa ya hana shi wasa kaka biyu. A 2018 ta ƙara Chad Wingard daga Port Adelaide, ta ba da lamba ta 15 da matashinta Ryan Burton. Zaɓinta na farko a 2016 lamba ta 74 ne, a 2017 ta 45, a 2018 ta 52.

Ba wai waɗanda aka ɗauko ba su iya ba ne. Tom Mitchell ya ci kyautar Brownlow ta gwarzon gasar a 2018. Matsalar ita ce Burgoyne da Lake sun zo ne suka tarar da Hodge, Roughead, Franklin da Rioli a kan ganiyarsu, su kuwa waɗannan sun tarar da gidan da ginshiƙansa ke ficewa ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ɗaya ce, shekarun 'yan wasan ne suka canza, kuma mutanen da suka ci kofi huɗu da ita su ne suka fi kowa wuyar yarda cewa lokacinta ya wuce. Daga 2016 zuwa 2023 Hawthorn ba ta ci wasan fitar da gwani ko ɗaya ba.

Mai karatu zai iya cewa, ashe maganin shi ne a faɗi ƙasa warwas a kwashi lambobin farko. Melbourne ta gwada. A wancan zamani akwai dokar da ke ba ƙungiyar da ba ta wuce nasara huɗu ba ƙarin lamba, a 2009 kuma Melbourne ta tsaya cak a kan huɗu, ta samu ta 1 da ta 2, ta ɗauki Tom Scully da Jack Trengove, bayan Jack Watts da ta ɗauka a ta 1 a 2008. A 2013 hukuma ta ci ta tarar dala 500,000 ta kuma dakatar da jami'ai biyu kan abin da ya faru a wannan kakar, ko da yake ba ta ce ta same su da laifin barin wasa da gangan a fili ba. Tarar ba ita ce babbar asara ba. An sallami manya da wuri, aka bar yara ba mai koya musu, har aka ɗora wa Trengove kyaftin yana ɗan 20. Geelong ta lallasa su da ratar maki 186 a 2011, Scully ya fice a ƙarshen shekarar, kuma ƙungiyar ba ta ga wasannin fitar da gwani ba daga 2007 har 2017. Sababbin ƙungiyoyi biyu da aka ƙara a gasar, Gold Coast da Greater Western Sydney (GWS), su ma shaida ne. An ba GWS lambobi 11 cikin 14 na farko a 2011, an yi wa Gold Coast makamancin wannan gata a 2010, amma har zuwa ƙarshen 2025 babu wadda ta ɗauki kofi a cikinsu, Gold Coast ma sai a 2025 ta fara kaiwa wasannin fitar da gwani. A 2018 kyaftin ɗinta biyu, Tom Lynch da Steven May, suka tafi a wata ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga abin da lissafin lambobi ba ya kamawa, wato riƙe mutum. Ƙungiyoyi 10 cikin 18 a jihar Victoria suke, kuma daga can kaso mafi tsoka na matasa ke fitowa. Yaron da aka kai nesa yakan fara kewar gida tun kwantiraginsa na farko bai ƙare ba, kuma tun da a wajen musaya ba a tilasta masa inda zai je, shi ke faɗin ƙungiyar da yake so, tsohuwar ƙungiyarsa ta karɓi abin da ya samu. Brisbane ta rasa matasa biyar a ƙarshen 2013, ciki har da Elliot Yeo da Sam Docherty. North Melbourne ta ɗauki Jason Horne-Francis a lamba ta 1 a 2021, bayan kaka ɗaya ya koma Port Adelaide a birnin Adelaide, garinsu. Brisbane ta ɗauki darasi. Da Chris Fagan ya zama koci a ƙarshen 2016, aka mai da hankali kan kula da rayuwar yara a wajen fili, aka riƙa ɗaukar abokan juna tare, aka kuma ɗauko Hodge daga ritaya ba don gudunsa ba, don ya tsaya a baya yana tsara matasa. Sannan manya irin su Lachie Neale suka fara zaɓar zuwa da kansu. Ta ci kofi a 2024 da 2025.

Geelong ce ke hana mutum yanke hukunci da sauri, domin ta ƙi bin ƙa'idar hawa da sauka. Tun 2007 sau biyu kawai ta kasa kaiwa wasannin fitar da gwani, a 2015 da 2023. Ta ba da lambobin zagayen farko guda uku don Jeremy Cameron a 2020, irin cinikin da na soki Hawthorn a kai, ta kuma ci kofin 2022 da tawaga mafi yawan shekaru da aka taɓa fitarwa, da ratar maki 81. Amma akwai abubuwan da ba kowa ke da su ba. Ita kaɗai ce a garinta, nesa kaɗan da hayaniyar birnin Melbourne, kusa da gaɓar teku, kuma 'yan yankin irin su Patrick Dangerfield suna son komawa gida. Sannan masu farautarta, ƙarƙashin Stephen Wells tsawon shekaru, sun ƙware wajen tsintar wanda kowa ya wuce. Tom Stewart yana ɗan 23, ba da jimawa da barin ƙungiyar unguwa ba, suka ɗauke shi a lamba ta 40 a 2016, ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan bayan gasar. Wanda ke iya samun irin wannan a lamba ta 40 zai iya sayar da lambobinsa na farko. Richmond ta so yin haka a ƙarshen 2022, bayan kofunanta uku na 2017, 2019 da 2020, ta ba da manyan lambobi don Tim Taranto da Jacob Hopper, kowanne a kan shekara bakwai. A 2024 ita ce ta ƙarshe a teburi da nasara biyu.

Akwai kuma ƙofofi biyu da ke karkatar da adalcin tsarin, kuma ina ganin ƙorafin da ake yi a kansu yana da tushe. Ɗan wanda ya buga wa ƙungiya wasa 100 tana da haƙƙin farko a kansa. Haka Geelong ta samu Gary Ablett ƙarami da Tom Hawkins, haka Brisbane ta samu Will Ashcroft, wanda ya zama gwarzon wasan ƙarshe sau biyu a jere. Ƙungiyoyi huɗu na jihohin New South Wales da Queensland kuma, inda wasan rugby ya fi karɓuwa, suna da makarantun horar da yara da haƙƙin farko a kan waɗanda suka raina. Bayan Sydney ta samu Isaac Heeney da lamba ta 18 a 2014, alhali kowa na sa shi cikin na sahun farko, aka fito da tsarin maki a 2015: lamba ta 1 tana daidai da maki 3,000, sauran suna raguwa, duk wanda ke son riƙe yaronsa ya biya da maki. Nan da nan ƙungiyoyi suka koyi tara ƙananan lambobi marasa amfani su biya da su. Gold Coast ta kwashi yaran makarantarta huɗu a zagayen farko na 2023. Ina goyon bayan makarantun, domin ba don su ba yaran nan wani wasan za su bi, amma farashin ya daɗe yana da araha, kuma ƙungiyar da ke gindin teburi ce ke biya idan lambarta ta 2 ta koma ta 4.

Hawthorn dai sai da ta canza hannu kafin ta juya. Clarkson ya tafi a ƙarshen 2021, Sam Mitchell ya karɓi aikin koci, kuma a ƙarshen 2022 ya saki Tom Mitchell zuwa Collingwood, O'Meara zuwa Fremantle, Gunston zuwa Brisbane. An zarge shi da neman faɗuwa da gangan, ƙungiyar ta ƙare ta 16 a 2023. Amma bai bar yara su kaɗai ba kamar yadda Melbourne ta yi, ya riƙe Breust da James Sicily, ya kuma dawo da Gunston bayan shekara guda. Will Day, lamba ta 13 a 2019, da Jai Newcombe da aka tsinto a zaɓen tsakiyar kaka na 2021, suka zama tsakiyar fili. A 2024 sun rasa wasa biyar na farko, suka farfaɗo har suka ci wasan fitar da gwani, a 2025 kuma suka kai wasan kusa da na ƙarshe, Geelong ta fitar da su.

Tun ƙarshen 2024 sun koma kasuwa, sun ɗauko 'yan baya biyu da suka goge, Josh Battle daga St Kilda da Tom Barrass daga West Coast, na biyun da lambobin baɗi. A wannan karon ina ganin lissafin ya fi kama da na 2009, domin ginshiƙan matasa ne. Akwai ma wani dalili na waje da ke goyon bayansu. Ƙungiyar tsibirin Tasmania za ta shigo gasar a 2028 a matsayin ta 19, kuma za a ba ta lambobin farko da dama kamar yadda aka yi wa Gold Coast da GWS, don haka duk ƙungiyar da ta jinkirta sake gininta zuwa waɗannan shekaru za ta faɗi ƙasa ta tarar an riga an kwashe yaran da take jira.